Arawa, Wa Zai Share Ƙurar Pannon Likita?

Taubasaina Arawa, na hango ku kun taɓe baki tun ban fara ba. Bafillace da maganar kuran! Mutumin da ya tashi yana shaƙar ƙurar shanu, ina shi ina waya da batir? Ku sha kuruminku. Wasan da ke tsakanin Ba'are da Bafillace ya girmi kakannin kakanninmu, har UNESCO ta sa irin wannan wasa na Nijar cikin gadon ɗan Adam a 2014, don haka ba mai kai ƙarata gaban sarakunanku, Kona a Dutsi ko Samna a Tibiri. In ma kun kai, dariya za a yi muku, a ce ku ba ni goro.

Abin da na zo da shi gajere ne. Duk ranar da aka tashi kafa wa gidan likita ko babbar makaranta wutar hasken rana, a zauna da mutanen wurin tun injiniya bai zaro alƙalami ba: panno nawa, batir nawa, a ina za a dasa, wa zai riƙe makulli, wa zai biya in abu ya lalace. Ranar yanke ƙyalle da kiɗan kalangu an makara. Abin dariyar, masu musun wannan magana sun fi yawa a cikinku, ku ɗin da ake cewa a tambaya.

Ga Alhaji can bakin tasha, ya miƙe ƙafa bisa tabarma, yana cewa: "Mi munka sani ga wanga aiki? A bar ma masu ilimi abinsu." Ranka ya daɗe, yaushe Ba'are ya koyi wannan ladabi? A Afrilun 1899 Kyaftin Vule na Faransa ya iso Lugu da bindigoginsa, Sarauniya Mangu ba ta ce a bar wa masu ilimi abinsu ba, ruwan kibau ta sa aka yi musu. Jikokin waɗannan mutane ne yau ke jin nauyin tambayar saurayi mai hular kwano abin da zai dasa a bayan ɗakin haihuwarsu? Ku da zanen fuskarku ya share hanya tun daga kunne har gefen baki, don kada magana ta ɓata lokaci tsakanin ji da faɗa!

Ba wanda ya ce ku ƙidaya volt. Injiniya ya san aikinsa. Ya san ƙarfin da aka rubuta a bayan panno an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk digirin da ya ƙaru panno na rage ƙwazo kaɗan. A bazarar Dutsi kuwa, da iska kanta ke haura 40, gilashin ya fi ƙarfin tafin hannu. Ya san batirin dalma, in aka kulle shi a ɗaki mai zafi, kowane ƙarin digiri 10 na iya raba kwanakinsa biyu. Wannan duk yana cikin littafi. Amma littafi bai gaya masa wane wata ne gadaje ke cika har a shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro ba. Bai gaya masa ta wace kusurwa iskar hunturu ke kwaso yashi ba, ko wace katanga ce awaki suka mayar dandali, ko yaran wace unguwa ne gwanayen harbin tsuntsu da danƙo, balle ta wace hanya ɓarawo zai biyo da amalanke tsakar dare. Majo, shugaban gidan likita, ya san wasu, ungozoma ta san wasu, na ƙarshen kuwa gardi ya fi kowa sani.

Ku ɗauki Agusta zuwa Oktoba. Lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, jini ya ƙare musu, a nemi firigon ajiyar jini, a kunna injin oksijin da ke jan wat 300 zuwa 600 ba dare ba rana. A Agustan nan ne kuma hadari ya fi rufe rana. Wanda ya zo awo a Fabrairu, ya tarar da gidan likita fayau, rana tar, zai koma Yamai ya rubuta lissafin da zai yi kyau a takarda ya ba da kunya da damina. Da ya tsaya ya gaida tsohuwar da ke shara, ya tambaye ta yaushe aiki ya fi yi mata yawa, da ta gyara masa lissafin kyauta.

Sai malamin lakkol ya gyara tabarau: "Duk wannan wahala ta mece ce? Ga kamfanin wuta na NIGELEC." Malam, Allah ya ba ka lada, kai kaɗai ka rage da wannan imani. Ina kake a Agustan 2023? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da ke tasowa daga Birnin Kebbi ta bi ta Doso zuwa Yamai, layin da ƙasa ke jingine da shi tun 1976. Wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya yake zuwa a lokacin. Sai da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta sa wa ƙasar ranar 24 ga Fabrairun 2024, sannan wuta ta dawo a Maris. Wata bakwai ke nan. Firigon allurar rigakafi ba ruwansa da siyasa, digiri 2 zuwa 8 yake so, in an daɗe a wajen haka magani ya tashi aiki. Allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini ita ma sanyi take so. An kunna tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 a ƙarshen 2023, ta rage wa Yamai raɗaɗi. Ga ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, madatsar Kandaji kuma ana nan ana jira. Duk da haka wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a faɗin ƙasar, a karkara kuwa abin bai ko kusanci haka ba. Gidan likitan da ke can cikin tunga, nesa da kwalta, in ya ce sai ya ga turken NIGELEC, jaririn da aka haifa yau zai riga shi yin gemu. Kuma ba mu kaɗai ba ne: rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abokan aikinta a Janairun 2023 ya ce kusan mutum biliyan 1 ne ke zuwa asibitocin da ba wuta, ko masu wutar da ba a dogara da ita.

Saboda haka panno kam zai zo, ko kun yarda ko kun ƙi. Akwai ANPER, hukumar kai wuta karkara, tun 2013. Bankin Duniya ya sa kuɗi a shirin NESAP a 2017, ya ƙara da shirin Haske a ƙarshen 2021. Zuwan bai dame ni ba. Shekara ta huɗu bayan zuwan ce ta dame ni.

Na ji ku, samarin fada, ba sai kun ɗaga murya ba, ku dai kula da butar shayi kada ta ƙone. "Taro? Mun san taron porje. A jera kujerun roba, a raba lemu da perdiyam jikka biyu, a ɗauki hoto, a watse." Wannan kam kun faɗi gaskiya. An riga an sayo kaya, suna ɗaure a bayan mota, sannan a tara jama'a a tambaye su ko sun amince. Wa zai ce bai amince da kyauta ba? Taron da nake nufi da alama ɗaya ake gane shi: bayan an tashi, wani abu ya canza a takardar injiniya. An matsar da wurin dasawa, ko an ƙara batir, ko an soke abin da ba a buƙata. In takarda ta koma yadda ta zo, lemu kawai aka sha. Sai dai, ƴan samari, duk kukan nan da kuke yi da taron banza, har yau ban ga Ba'aren da ya mayar da jikka biyun ba.

Akwai wani CSI, wato ƙaramin gidan likita, cikin Dallol Mawri, ba zan faɗi sunan garin ba don ina da surukai a kusa. Na raka wata ƴar'uwa awon ciki, zama ya yi tsawo, na tashi zagaye. A bayan ɗakin haihuwa ga panno a jere bisa ƙarafa, sun yi fari fat da ƙura, har wani yaro ya rubuta sunansa da yatsa a kan na ƙarshe. Ɗakin batir ɗan mitsitsi ne, rufin kwano, ba taga. Batiran sun kumbura, farin gari ya fito a kawunansu. Daga cikin akwatin na'ura wata waya ta fito, an ja ta ta ƙarƙashin ƙofa har rumfa, inda salula suka yi layi bisa benci, kowace da ɗan ƙyalle ɗaure don mai ita ya gane abarsa. Na ce wa gardi, "Baba, wa ke wanke waɗannan?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ranar da aka kafa su mutanen sun ce kada kowa ya taɓa, shi kuwa mutum ne mai bin doka. Lambar da suka rubuta a bango ta daina shiga tun bara waccan. Na tambayi yadda ake yi da dare. Ya ce ungozoma takan cije salularta a baki, fitilar na haska mata, don hannayenta biyu suna aiki.

Ku duba da kyau, ba mugu ko ɗaya a labarin nan. Gardi umarni ya bi. Masu cajin salula ba su da wani wurin, kuma da salular nan ce ake kiran kabu-kabu in naƙuda ta zo. Ɗan kwangila ya kafa abin da aka biya shi ya kafa. Zama ɗaya aka tsallake. Da an yi shi, da wani ya ce, "Mu fa sai mun yi caji." Sai a ƙara panno biyu, a ja musu layinsu dabam wanda bai taɓa na ɗakin haihuwa ba, kowace salula dala goma, kuɗin ya shiga asusu. Abin da ake yi a ɓoye yana kashe batir ya koma abin da ke tara kuɗin sabon batir. Da an nuna wa gardi cewa tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi, shi ne duk sirrin. Da magini na garin ya ce a huda taga biyu a ɗakin nan, ko a yi shi da ƙasa. Firigon rigakafi ma yanzu akwai irin wanda ba ya son batir sam, da rana yake daskarar da ruwa a cikinsa ya kwana da sanyin. Amma sai wanda ya san akwai shi zai ce a kawo masa.

Mu zo ga kuɗi, inda kowane Ba'are ke gyara zama. Panno na kai shekara 20 zuwa 25. Batirin dalma a zafin nan namu in ya yi 4 ko 5 ya yi ƙoƙari. Na litiyom ya fi daɗewa, ya kuma fi tsada. Porje kuwa yana da ranar rufewa, kuma ranar takan riga mutuwar batir. To wa zai saya? Za ku ce COGES, kwamitin gidan likita. Gaskiya ne, tun shirin Bamako na 1987 aka kawo tsarin kwamitin ƴan gari masu kula da akwatin gidan likita. Amma tun 2006 da aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, gwamnati za ta biya daga baya, duk majo ya san yadda "daga baya" ke daɗewa. Akwatin da da kyar yake sayen magani da sabulu ne za a wayi gari a ce ya sayi batir? In shi za a ɗora wa, a gaya wa kwamiti adadin tun ranar farko, a fili, su raba shi wata-wata su ga ko za su iya. In ba za su iya ba su faɗa, a rage kayan ko a nemo wata hanya. Ƙaramar wuta da gari ke iya riƙewa ta fi babbar da za ta zama wurin kwanan ƙadangaru.

Asusun kuwa, in shawarata za a bi, kada a ba maza. Ku yi ta hararata. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, matan ƙasar nan ke tara kuɗi cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai gaban kowa. Tsarin ya bazu har ƙasashen da ba su san inda Maraɗi take ba. Su ne kuma ke kwana a gidan likita da yaro a baya. Ku tambayi maza ina za a sa ƙwan fitila, za su ce ƙofar shiga da ofishin majo. Ku tambayi mata, za su ce hanyar makewayi, da wurin wanki, da rumfar masu jinya, kuma in da hali a sa famfo ya hau da ruwa, don wanda bai taɓa wanke zanen mai jego da ruwan bokiti ɗaya ba bai san muhimmancin wannan ba. Amma in aka sa taro da hantsi lokacin noma, ko ranar kasuwa, ko a zauren da mace ba ta shiga, an kore su ke nan ba tare da an ce su tafi ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, mutanen Dutsi, kun riga kun iya abin da kuke cewa ba ku iya ba. Cikin ƙawancen garinku da Orsay ta Faransa, da aikin ƙungiyar RAIL, an haƙa rijiyoyi masu zurfi, an sa famfunan da rana ke juyawa, masu lambu suka haɗa kai suna noman dankalin turawa da rani, har da ɗakin sanyi na ajiya don kada a karyar da kaya lokacin da kasuwa ta cika. Ban ji manomi ya ce bai yi lakkol ba. Wato in dankali ne a ƙarshen waya Ba'are injiniya ne, in jaririnsa ne sai ya ce a bar wa masu ilimi?

Kawu daga Matankari ya ɗaga sanda: "To jami'a hwa? Mu ina munka ga jami'a?" Kawu, tana Doso tun 2014, kilomita wajen 140 daga Dutsi, kuma ɗiyanku na can, wasu na Yamai, wasu na Tawa. Ta Yamai ma sunan wa take ɗauke da shi tun 1992? Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya riƙe ofishin binciken hasken rana na ONERSOL tun 1969, yana ƙera tukwanen girki da na dafa ruwa masu aiki da rana lokacin da duniya ke ganin man fetur ba zai ƙare ba. A ƙasar wannan bawan Allah ce ɗalibi ke karatu da fitilar salula in an ɗauke wuta. Maƙwabtanmu sun gwada: a Satumban 2019 aka buɗe wa Jami'ar Bayero ta Kano tashar megawat 7.1.

Jami'a ba CSI ba ce, rufin kwano ba ya isar ta, fili take so. Goru Banda ta ci hekta 27 kafin ta ba da megawat 30, ku ce kusan hekta guda ga kowane megawat. A nan fa zan tsaya da wasa in tashi tsaye, don an taɓo ni. Filin da mai mota ya hango a Maris ya ce ba kowa, gonar wani ce a Yuli, kuma ta gefensa ne garke ke bi zuwa arewa in ruwa ya sauka, ya dawo bayan an cire amfani. Ku ja waya ku tsinka burtali, ku ga in pannon zai ga shekara. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, tun daga gari har gunduma, inda sarakuna da manoma da makiyaya ke da kujera. A bi ta nan tukuna, a san mai gona, a biya shi haƙƙinsa a gaban shaidu, a kauce wa hanyar dabbobi da mashaya. Mu kuma za mu yi muku alheri: a wasu ƙasashe tumaki ake saki cikin filin panno su cinye ciyawa, don busasshiyar ciyawa makamashin gobara ce. Tumaki na ce. Shanu da awaki mun san halin kayanmu.

Sannan jami'ar ta biya bashin maƙwabtaka. Ɗalibin da ke karanta lantarki ko kwamfuta, in ya zo hutu Geceme ko Kore Mai Ruwa ko Ɗankasari, me zai hana a haɗa shi da CSI na garinsu, ya auna batir, ya duba waya, ya rubuta rahoto a ba shi maki? Ga kuma yaron nan na bakin tasha mai gyaran salula, wanda ya riga ya kafa wa rabin unguwa panno a gidajensu ba tare da takardar kowa ba. Ranar da ƴan kwangila suka zo a sa shi cikin aikin, ya riƙe musu tsani, ya ga inda kowace waya ta bi. Mai gyaran da zai taso daga Yamai sai an biya masa mai da masauki, wannan kuwa da ƙafa zai zo, kuma in ya yi ha'inci an san gidan ubansa.

Kada kuma wani ya ce mini meri, wato ƙaramar hukuma, za ta yi. Tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, kansilan da kuke turawa da saƙo yana gida yana jan carbi. Saura ku da kanku: mai gari, liman, COGES, shugabar mata, ruga shugaban makiyaya, da wakilin fada in ya yarda ya bar shayi. Ku je gun kantoma da majo tun ana ƙishin-ƙishin ɗin porje, ku ce a nuna muku takarda. In an miƙo ta da Faransanci ku ce a juya, tunda kundin mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Abin da aka amince a rubuta shi da boko da ajami, a manna a ƙofar ɗakin batir: ranakun wanki da sunan mai wankin, abin da aka yarda a jona da abin da aka hana, har da butar shayin majo, kuɗin da ke cikin akwati a ƙarshen kowane wata, shekarar da ake sa ran sauya batir, sai lambar mai gyara, da ta ƙanensa, da ta uwargidansa.